An Yi Mata Sabis Jiya, Yau Ba Ta Ja

Samarin Adogi, da ku nake, musamman ku da kuka kama sitiyari kwanan nan, da ku da iyaye suka damƙa wa wani maigida a gareji don ku koyi kanikanci. Garinku a bakin titi yake. Motar da ta bar Lafiya za ta Assakio, ko za ta zarce Namu da Shendam a Jihar Filato, ta gabanku take ratsawa, kuma da yawanku a jikin motocin nan abincinku yake. Saboda haka akwai ƙorafin da kun sha ji a tasha da bakin gareji: "An yi mata sabis jiya, yau ba ta ja." Mota ta shiga gareji da ƙafarta, an juye baƙin mai, an canza filta da fulogi, an wanke inji ya yi fes, amma da aka hau titi sai ta yi nauyi. Ka taka totur har ƙasa, ita kuwa sai ta ga dama.

Amsoshin da ake bayarwa ma kun san su. Wani ya ce a bar ta ta yi gudu, za ta saki. Wani ya ce da ma can injin ya gaji, sabis ne ya tona masa asiri. Mai tsadar cikinsu ya ce sai an sauke inji an yi ringi. Kafin ku saurari ko ɗaya, ku yi tambaya guda: me da me aka taɓa? Ringi da fistin ba sa cinyewa a wuni ɗaya. Injin da ya gaji yakan yi watanni yana ba da sanarwa, da shuɗin hayaƙi a salansa, da shan baƙin mai, da wuyar tashi da safe. Motar da ta ɗauko lodi shekaranjiya ba gardama, yau ta kasa, tsufa bai kama ta cikin dare ba. Wanda akuyarsa ta ɓace, daga turke yake fara bin sawu, ba ya tashi ya nufi kasuwar Lafiya.

Tun kafin a ɗaga bonet, ku tabbatar laifin na inji ne. Idan ka taka totur inji ya yi ihu amma gudu bai ƙaru ba, ƙarfi na nan, a hanya yake zubewa: kuloci ne ke zamewa, ko kuma, a mota mai atomatik, man giya ne ya yi ƙasa ko aka zuba wanda ba nata ba. In an canza birki a sabis ɗin, ko an ɗaure birkin hannu, sa ta a firi a wuri mai shimfiɗe ka tura. Ƙaramar mota mutum ɗaya na iya gusa ta. In ta cije, yi 'yar tafiya da ita ka tsaya, ka kara bayan hannunka kusa da kowane wili ba tare da ka taɓa ba. Wanda ke huci yana warin ƙuna, birkinsa ne ya riƙe. Har kafet ɗin ƙafa ku duba, don masu wanki kan mayar da shi a karkace ya shige ƙarƙashin totur.

In dai inji ne, fara da hanyar iska, domin da wuya a yi sabis ba a buɗe ta ba. Injin fetur yana son awo 14.7 na iska ga awo 1 na mai, a nauyi. A zamanin Peugeot 504, wadda aka yi ta haɗawa a kamfanin PAN na Kaduna da aka buɗe a 1975, kafireto ne ke wannan haɗi, kuma bakanike mai kunne da sukundireba yake daidaita shi. Iyayen gidanku da yawa a kanta suka koyi aiki, kuma ilimi ne da ba a rainawa. Amma a Corolla ta 2003 zuwa 2008 da ire-irenta, kwamfuta ce ke auna iskar ta wata 'yar sansa da ke maƙale a murfin iya kilina. Ba a canza filtar sai an ɗaga wannan murfi. Yaro ya zare soket ɗin sansar don ya samu sarari, ya manta bai mayar ba, ko ya mayar bai danna har ya ce ƙas ba. Kwamfuta ta daina ganin iska, sai ta koma kintace, ta rage wa inji ƙarfi don ta kare shi.

Ga kuma babban tiyon da ya taso daga akwatin filta zuwa inji. Roba ce da ta sha zafi shekara ashirin, ana lanƙwasa ta sai ta tsage a cikin ninki, inda ido ba ya kaiwa. Wani lokacin ma kilif ɗin ne kawai ba a ɗaure ba. Iskar da ta shiga ta nan ba ta bi ta kan sansa ba, don haka kwamfuta ba ta san da ita ba, balle ta ba ta rabonta na mai. Sai mota ta riƙa shaƙewa in ka taka, silo yana hawa yana sauka. Bar injin a kunne ka kasa kunne, za ka ji siririn huci daga wurin tsagar. Bi ƙananan tiyo da yatsa, nesa da fanka da bel. Buɗe akwatin ka ga ko filtar ta zauna daidai, ko an bar tsumma a ciki. Al'adar kai tsohuwar filta wurin mai faci a hure ta da kwamfiresa kuwa, ni ban ga alherinta ba. Takarda ce fa. Iska mai ƙarfi tana huda ta, kuma da hunturu duk ƙurar da ta wuce ta hujin, wata a kan sansa take zama, sauran ta shige silinda.

Daga iska sai wuta. Golf 3, wadda ta fara fitowa a 1991 kuma har yau take ɗaukar fasinja a tashoshinmu, tana da wayoyin fulogi huɗu da suka fito daga distiributa, wuta na bin su a jere: 1, 3, 4, 2. Mai gaggawa ya fizge huɗun gaba ɗaya, ya zo mayarwa ya musanya biyu. Motar na iya tashi, amma da silinda biyu take aiki, tana karkarwa tana harbi. Waya ɗaya ake cirewa, a canza fuloginta, a mayar, sannan a taɓa ta gaba. Sababbin motoci kowane fulogi da kwayil ɗinsa a kai, su kuma kunnen soket ɗinsu ne ke karyewa saboda robar ta bushe.

Shi kansa fulogin, kasancewarsa sabo ba shaida ba ce. In ya faɗi ƙasa, farin tangaran ɗinsa kan yi tsagar da ba a gani, wuta ta riƙa zurarewa ta gefe. In bakinsa ya bugu, tazarar da tartsatsi ke tsallakawa, wadda a yawancin motocinmu tsakanin milimita 0.7 da 1.1 take, sai ta rufe. Akwai kuma jabu a kasuwa masu ɗauke da sunan NGK ko Denso a kwali, kuma araha ba ta ado. Don haka kada ku bar tsofaffin fulogi a gareji, ku zuba su a leda ku jefa a but. In mota ta fara misin bayan sabis, mayar da tsofaffin gwaji ne da ba ya cin ko sisi, kuma nan take yake raba gardama. Wankin inji ma ku sa shi a lissafi, don ruwa mai matsi na kwanciya a ramin fulogi ya jiƙa kwayil.

Gano silindar da ta mutu ba wuya. Inji na silo, zare soket ɗin kwayil ko na injekta ɗaya, ka saurara, ka mayar. Duk mai rai in ka cire ta inji zai ƙara raurawa. Wadda ka cire bai ji komai ba, ita ce. Sai ka musanya kwayil ɗinta da na maƙwabciyarta: in ciwon ya bi kwayil ka kama shi, in ya tsaya a wurin duba fulogi ko nozul, wato injekta. Kada ka kama wayar fulogi da hannu inji na aiki, za ta fizge ka, ga fanka na juyawa kusa. Kada kuma ka ce za ka lallaɓa da silinda uku har ranar kasuwa ta wuce. Man da bai ƙone ba yana gangarawa salansa, ya kama wuta a tukunyar tace hayaƙi, indomi, ya narkar da ita ta toshe. Abin da fitilar cek ke faɗa ke nan in tana ƙiftawa. Sannan da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta ci gaba da hawa. Silindar da ke shan mai ba ta aiki, cinikin yininka take ci.

Baƙin mai shi ne ya kai ka sabis, shi kuma aka fi yi wa ganganci. Injin silinda huɗu da yawa wajen lita 4 suke ɗauka, galan kuwa wani lita 4 ne wani 5. Mai mota ya ga ya biya kuɗi, ya ce a juye duka. In mai ya haura alamar sama ta geji sosai, kiranshaf na dukansa yana kaɗa shi har ya yi kumfa, inji ya yi nauyi, wani man ya bi tiyon numfashi ya fito hayaƙi. Tsayar da mota a daidai, kashe ta, jira minti biyar, zaro geji ka goge, mayar ka sake zarowa. Tsakanin alamomin biyu ake so. Mutanenmu sun kuma yarda cewa mai kauri shi ne mai kyau saboda zafin ƙasarmu, sai a zuba 20W-50 a injin da aka rubuta wa 5W-30 a murfi. Injin Toyota mai VVT-i da matsin wannan man yake sauya lokacin buɗe bawul, ta 'yan siraran hanyoyi, kuma mai kauri na sa shi jinkirin amsawa, musamman da safe.

Akwai kuskuren sabis da ke kashe inji a wuni ɗaya, gara in faɗa muku shi ƙarara. Idan ba a ɗaure notin juye mai ba, ko robar tsohuwar filta ta manne a jikin inji aka ɗaura sabuwa a kanta, mai zai tsiyaye a titi. Jar fitilar mai za ta kama, sai nauyi, sai ƙwanƙwasa. Wannan ba ya jiran bincike. Sauka gefen titi ka kashe ta, ko da kana hango gidajen Adogi. Haka in allurar zafi ta tashi bayan an canza ruwan lagireto, kuma kada ka buɗe murfin sai ya huce.

In har da canza bel ɗin taimin a cikin aikin, kamar yadda ake yi wa Golf da Vectra da Peugeot 406, to shi ne babban abin zargi. Haƙori ɗaya in ya kauce, mota za ta tashi, silo ma ya yi kamar daidai, amma ta zama raguwa. Kamfani ya yi alamomi a jikin fuli, a buɗe murfi a daidaita su a gabanka, gani ya kori ji. Filtar fetur tana da kibiyar da ke nuna inda mai ke bi, ana kuma iya ɗaura ta a juye. Cire kan batir ko wanke totur kan sa kwamfuta ta manta silon da ta saba, ta daidaita bayan 'yar tafiya. A nan ne maganar "za ta saki" take da ƙamshin gaskiya.

Sai dai a yi wa bakanike adalci. Direba yakan fito daga gareji ya biya gidan mai, ko ya sayi galan a hannun 'yan bumburutu, to wannan man ma yana cikin abin da aka taɓa. A watan Fabrairun 2022 hukumar NMDPRA mai sa ido kan harkar man fetur ta sanar cewa an gano fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima a kasuwa, shugaban NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya ce daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam aka shigo da shi. Motoci sun lalace, aka janye man, layuka suka cika gidajen mai a Abuja da Legas. Wanda ya yi sabis a makon ya kuma sha wannan man, bakanike zai fara zargi, alhali bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Da damina ruwa kan shiga jarka ko tankin ƙasa. Tsiyayo kaɗan a farar kwalba ka ajiye, ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa ka gan shi.

Ku da kuka taso da waya a hannu kuna da abin da na gaba ba su samu ba. Tun daga 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa, doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tsarin OBD-II, wato soket mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari. Turai ta bi sahu a 2001 ga masu fetur, 2004 ga masu dizal, kuma daga Amurka da Turai yawancin tokumbonmu ke zuwa. 'Yar na'urar da ake jonawa a soket ɗin ta yi magana da waya, kuɗinta bai kai na cika tanki ba. P0302 na nufin silinda ta biyu na misin, P0171 iska ta yi wa mai yawa, P0101 da P0102 sansar iska, P0016 kuwa taimin. Amma lambar wurin da za a duba take faɗa, ba ta ce a sayi komai ba. Na'ura ta ce sansar iska, mai gaggawa ya tafi Lafiya ya sayo sabuwa, alhali soket ne bai shiga ba. Rubuta lambobin kafin a goge su, don gogewa fitila kawai take kashewa. Golf 3 ta Turai ta girmi wannan doka, ƙaramar na'ura ba lalle ta karanta ta ba, a nan kunnen maigida ne zai yi aiki. Da na'ura ko babu, abu ɗaya ake canzawa a gwada. Wanda ya canza fulogi da kwayil da famfon mai da nozul a tashi ɗaya, in ta warke ya biya kuɗin huɗu don ɗaya, in ba ta warke ba ya ƙara wurare huɗu da aka taɓa.

Ku yaran gareji, ɗaukar hoton inji da waya kafin a kwance komai ba ƙauyanci ba ne. In kun gama, ku ƙirga kayan aiki da tsummokara, ku bi kowane soket ku danna, kuma kada a miƙa makulli sai an taka motar a titi, domin inji marar lodi yana ɓoye rauninsa. Kunnen soket ya karye a hannunka? Faɗa wa maigidanka tun mota ba ta fita ba. Faɗansa na ɗan lokaci ne. In ka ɓoye, wani talaka ne zai sayar da buhunan riɗinsa ya yi ringin da ba ya buƙata, haƙƙinsa kuma na wuyanka. In mai mota ya dawo ya ce, "Oga, ba haka na kawo ta ba," kada bakinka ya riga hannunka da cewa da ma can haka take.

Ku kuma direbobi, ku daina ajiye mota ku tafi teburin mai shayi, sai an gama ku zo karɓar makulli. Tsaya a kanta ka san abin da aka cire da abin da aka sa. In ta canza hali, koma garejin da aka yi aikin tun a ranar, da sallama da ladabi: "Maigida, don Allah mu sake bin abin da aka taɓa." Wanda ya shiga da zagi, bakanike kare kansa zai tsaya yi maimakon neman ciwon. Kada kuma ka yi lodin fasinja da motar da ba ta amsa totur. A titin da mai zuwa da mai dawowa ke raba kwalta ɗaya, in ka fito wuce tirela ko akori-kura mai doya, ƙarfin inji ne ke ƙayyade daɗewarka a hannun da ba naka ba. Hawan da ke tsakanin Nasarawa Eggon da Akwanga ma ba wurin gwajin mota mai silinda uku ba ne.

Idan an bi duk waɗannan ba a ga komai ba, wani ya dage sai an sauke inji, akwai awon da ke yanke hukunci. Ana cire fulogi, a ɗaura agogon awon matsi a raminsa, a murza makulli a karanta, silinda bayan silinda. Inji mai ƙoshin lafiya lambobinsa kusa da juna suke, bambancin bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. In ɗaya ta faɗi ƙasa, a ɗiga ɗan baƙin mai a ramin a sake awo. Lambar in ta tashi, ringi ne. In ba ta motsa ba, bawul ne ko gaskit, wannan kuwa aikin saman inji ne, ba sai an sauke shi duka ba. In garejin da kake babu agogon, a nemo shi a Lafiya, kuɗin zuwa da dawowa bai kama ƙafar kuɗin ringi ba. Kada ka ba da izinin sauke injin nan sai an yi awon a gabanka, an rubuta maka lambobin huɗu a takarda.